Benci Biyu da Ba Sa Juyawa

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Ranar Juma'a Maman Iman ta tare ni a ƙofar masallacin Sterling, ko takalmi ban gama sawa ba: "Ya ruwan Niagara? Ina hotuna?" A waya haka, a shagon kayan miya haka. Kowa sai in ce masa lafiya lau, sai godiya. To na gaji da wannan amsar, don ba gaskiya ba ce. Ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambayata in miƙa mata.

Baba, mahaifin maigidana, ya zo mana daga Ɗanbatta a farkon zafi, da ciwon mafitsara. Likita ya duba ya ce sai an yi aiki, bayan aikin kuma a zauna wata da watanni ana bin magani, in ba haka ba ciwon zai ci gaba da cinsa. Baba ya saurara har ƙarshe, muka dawo gida, ya ce a nemo masa tikiti. Ya ce tun da ya sauka a ƙasar nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, daga kafet sai siminti. Gaskiyarsa. Gidanmu na Gaithersburg, a jihar Maryland, a hawa na uku yake, tagar ɗakinsa kuma ba abin da take kallo sai wurin ajiye motoci.

Abban Hanifa, wato maigidan nawa, shi ne ɗan farin Baba, don haka ba sa doguwar magana. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin naku." Ba halin Abban Hanifa ya zauna ya lallashi Baba kamar yadda 'ya'yan Turawa ke yi. Sai ya ɓullo da dabara. Ya ce mu yi hayar motar nan mai ɗaki a ciki, wadda tsofaffin ƙasar nan ke yawo da ita, ga gado, ga murhu, ga banɗaki, duk a bayan direba. A fita da Baba ya ga gonaki da shanu, a kai shi har bakin iyakar Kanada ya ga ruwan da ake labari. In zuciyarsa ta buɗe, ƙila ya yarda ya zauna a yi aikin. Duk tafiyar saboda wannan aka yi ta.

Muka je wurin masu haya, can bayan gari. Motoci biyu suka rage, tsawonsu ɗaya, komai nasu ɗaya, sai wurin cin abinci. Ɗaya tana da ƙaramin tebur da kujeru irin waɗanda ake naɗewa a jingine. Ɗayar kuwa benci biyu ne masu katifa suna fuskantar juna, tebur a tsakani, duka an ɗaure su a ƙasa da noti.

Abban Hanifa ya gwada zama a bencin, tebur ya tokare masa ciki. Ya ce, "Ni dai mai kujerun ta fi min. Kin ga tumbin nan ba zai shiga ba."

Na ce, "Sai ka rage shinkafar dare."

Na jero masa dalilaina. Bencin yana da bel na ɗaure yara in ana tafiya. Ƙarƙashinsa akwati ne, zai ɗauki tukwanena da garin tuwo da kuka da daddawar da na sayo a Hyattsville. Da dare a sauke teburin ya zama gado. Baturen da ke nuna mana sai gyaɗa kai yake, yana cewa duk masu iyali wannan suke ɗauka. Abban Hanifa ya ɗaga hannu ya ce yadda na ga ya dace.

Akwai dalilin da ban faɗa ba. Tun zuwan Baba, a ɗakinsa yake cin abinci, ƙofa a rufe, ni in ajiye tire in yi sallama in juya. Yara kuma suna gaban talabijin, kowa da farantinsa. Hanifa da ƙanenta, wanda aka sa wa sunan Baba muke kiransa Halifa, suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa. Ni burina in ga kakan nan da jikokinsa hannu a kwano ɗaya, tunda tsakanin kaka da jika ba kunya. Na ce a raina benci ba ya barin yaro ya zame ya gudu. Ni in zuba abinci in kauce. Ban tambayi kaina in kauce zuwa ina ba.

Ranar tafiya Baba ya zagaya motar da sandarsa, ya ce, "To, wannan gida ne ya yi taya, ko mota ce ta yi ɗaki?" Muka yi dariya, har na ji daɗi. Aka ba shi kujerar gaba, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinsa har muka wuce Frederick. Da aka tsaya shan mai ya ce rana tana dukan idonsa, ya koma wurin jikoki. Shigarsa bencin aiki ce. Babbar rigarsa ta maƙale a gefen tebur, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sai da Halifa ya ɗaga masa ƙafa. Da ya zauna ya dubi hagu da dama ya ce, "Takwara, an sa mu a akurki." Halifa ya shige gefensa ya toshe hanyar fita, Hanifa ta zauna a ɗaya bencin.

Azahar ta same mu a wurin hutawar matafiya, a farkon Pennsylvania. Na ɗumama shinkafa da wake, na zuba a babban tire da mai da yaji, na ajiye a gabansu. Na juya in kauce, sai na ci karo da murhu. Taku ɗaya ne tsakaninsa da teburin. Na koma kujerar gaba, amma ba bango tsakanin gaba da baya, ga kuma ƙaton madubi a sama yana nuna komai. Baba ya wanke hannu, ya dubi tiren, ya dubi madubin. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ni a ƙoshe nake. Ku ci."

Nan take na gane. Dattijo irin Baba ba zai kai loma baki a gaban matar ɗansa ba, balle ga ɗan farin ma a zaune. A gida ko a tsakar gida aka ritsa shi, zai ja tabarmarsa gefe ya juya baya, kowa ya yi kamar bai gani ba. Da kujera ce, da ya juya ta ya fuskanci bango. Bencin nan kuwa inda aka kafe shi nan yake kallo.

Daga nan na shiga dabaru, kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Na ɗaura zane tsakanin gaba da baya a matsayin labule, ba ƙusa ba igiya, na maƙala shi a ƙofar kabad. Baba na miƙa hannu zanen ya faɗo a kan Hanifa. Yara suka fashe da dariya, shi kuwa ya janye hannunsa, bai sake miƙawa ba. Na ja Abban Hanifa muka fita wai za mu miƙe ƙafa, muka yi ta zagaye a filin motoci kamar marasa aikin yi. Da muka dawo loma biyu ya yi, domin tagar da ke jikin bencin faɗin ƙofa gare ta, duk mai wucewa sai ya leƙo. Na aika Hanifa ta ce ko a kai masa ɗakin baya, inda aka ba shi gado. Gadon ya cinye ɗakin gaba ɗaya, ba wurin zama a ƙasa. Baba ya ce mata, "Majinyaci ke cin abinci a kan gado. Ni ban kwanta ba tukuna."

Masaukin irin waɗannan motoci wani zango ne a cikin itatuwa, kowace mota da gurbinta, da famfonta, da wurin jona wuta. Akwai kuma ramin da ake juye ƙazantar banɗaki ta wani tiyo mai kauri. Abban Hanifa injiniya ne, ya ce ba sai an nuna masa ba. Ba zan faɗi abin da ya faru ba, amma takalman da ya tafi da su ba su dawo Maryland ba.

Mutanen zangon sun ba ni mamaki. Tsofaffi ne akasari, miji da mata, da gajeren wando, sun baje kujeru a waje suna cin nama a gaban kowa, baki cike suna gaisawa da na nesa. A wurinsu ɓoye cin abinci shi ne abin kunya. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai fara'a, ta kawo mana waina mai zaƙi, ta miƙa wa Baba hannu, ya dafe ƙirji ya sunkuyar da kai. Ba ta ji haushi ba. Ta leƙa motarmu ta ce su ma a da benci gare su, da mijinta ya yi aikin gwiwa suka cire suka sa kujeru. Na yi mata murmushi, amma ji na yi kamar ta watsa min ruwan sanyi.

Na ce to ai ga waje, ga iska. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a gefen mota, ya yi la'asar a kai, don a cikin motar ba filin da mutum zai yi sujada sai siririyar hanya tsakanin benci da murhu. Yana zaune yana lazimi, na ba Halifa kwanon tuwo ya kai masa. Kafin ya buɗe, karen tsohuwar nan ya taho da gudu, ya taka tabarmar, ya cusa hanci a kwanon. Matar ta yi ta ba da haƙuri, tana cewa ba ya cizo, son mutane ne da shi. Baba ya miƙe ya sake alwala. Daga ranar bai ƙara zama a waje ba, washegari kuma aka tashi da ruwan sama.

Wuri ɗaya ne na ga Baban da na sani. Mun bar babbar hanya mun bi ta ƙauyuka, sai ga wasu Turawa manoma masu dogon gemu da malafa, suna tafiya a keken doki, matansu da dogayen riguna da ɗankwali. Baba ya manne da taga. Ya ce, "Takwara, gaya wa mutumin naku ya tsaya. Waɗannan sun san abin da suke yi." Ya sauka ya je bakin gonar masara, ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya murza, ya shinshina. Shi da wani dattijon manomi suka yi ta nuna wa juna zangarniya da hannu, ba mai jin yaren wani, suna ta gyaɗa kai. Na sayi masara a rumfarsu na dafa, na ba Halifa ya kai. Ta madubin gefe na hango su a bayan mota, kaka da jika, sun ba mu baya suna fuskantar gona, suna gaigaya. Na kawar da kai da sauri, hawaye na zubo min. Da ya dawo yake ce wa Hanifa masarar ƙasarsu ta cika zaƙi kamar rake, ba za ta yi tuwo ba. Abban Hanifa ya raɗa min, "Kin gani? Zai zauna." Ni ma na yarda a lokacin.

A garin iyaka mun kusa shiga uku. Abban Hanifa ya bi layin da ba namu ba, sai ga allo yana nuna gadar Kanada a gabanmu, Baba kuwa bizarsa ta nan ce kaɗai. Ga ƙatuwar mota ba ta juyuwa, ga na baya sun cika mu da ham. Wani ma'aikaci ya zo ya tsayar da kowa, ya buɗe mana wata kwana muka fice, gumi ya jiƙa maigidan har wuya. Baba ya nuna ƙetaren kogi da sanda ya ce, "Can wata ƙasa ce? Su ma haka suke cin abinci a bainar jama'a?"

Ruwan kam ba ƙarya. Kogi ne guda yake faɗowa daga kan dutse, ƙararsa ta hana jin magana, feshinsa yana jiƙa mutum tun daga nesa. Baba ya riƙe ƙarfen shinge yana tasbihi. Sai na ga gwiwarsa ta saki. Abban Hanifa ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Ranar ce na fara duban fuskar surukina sosai tun da muka bar gida: leɓe ya tsage, ido ya faɗa, harshe a bushe. Hanifa ta kama kuka, tana ce min da Turanci ai Kaka ba ya shan ruwa, duk gorar da na ba shi ita yake miƙa wa ta shanye, ya ce kar ta faɗa.

Ban buƙaci a yi min bayani ba. Mai ciwon mafitsara kowane ɗan lokaci sai ya zaga. In mota na tafiya, sai ya ce wa ɗan farinsa ya tsaya, ina ji. Sai Halifa ya tashi ya ba shi hanya, a riƙe tebur, a janyo ƙafa, a kama hannu, kowa ya san inda za shi. Ƙofar banɗakin kuma siririn katako ce, a daidai inda nake tsayawa in yi girki. Sai Baba ya yanke wa kansa shawara ya daina shan ruwa. Ni aikin jinya nake yi. Aikina ke nan kullum in lura da abin da tsofaffin mutane suka sha da abin da suka fitar. Amma kunyar da ta hana shi ci ita ta hana ni ɗaga ido in dube shi.

Aka yi masa ƙarin ruwa a wani ƙaramin asibiti a garin. Likitan ya ce ƙoda ta wahala, a koma gida a gaggauta aikin. Muka juyo. Baba ya kwanta a gadon baya, a nan ya sha kunun da na dama, Hanifa na riƙe masa kofi. Cin abinci a kan gado da ya ƙi tun farko, shi aka yi. Ba wanda ya sake zama a bencin sai jakunkuna.

Mun kusa shiga Maryland aka tsaya sallar azahar. Baba ya kira Halifa, ya ɗaga murya yadda za mu ji.

"Takwara, gaya wa mutumin naku na gode. Na ga ƙasarku, tana da faɗi, tana da ruwa, ƙasar noma ce. Amma ba inda mutum zai juya baya."

Halifa ya dube ni, bai gane ba. Abban Hanifa ya taso ya durƙusa a 'yar hanyar nan, kafaɗunsa na gogar benci da kabad. Ya ce, "Baba, don Allah. Aikin nan in ba a yi ba..."

"Na ji abin da likita ya ce, da kunnena na ji. In aka yanka ni na kwanta, wa zai ɗauke min tasa in kana wurin aiki? Ɗiyar mutane? Abin da ya rage min, a zaurena nake so in ci shi."

Sannan ya yi abin da bai saba ba, ya yi magana da ni kai tsaye, fuskarsa na kallon bango. "Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Kin yi ɗawainiya. Tuwon nan naki na ji ƙamshinsa, na san ya yi daɗi."

Na ce amin, na fita na zauna a bakin titi na yi kuka mai isata.

Da muka mai da motar, ɗayar mai kujerun tana nan a wurinta, ƙofa a buɗe ana share ta. Na hau. An naɗe kujerun an jingine, an sauke fiffiken teburin ya kwanta jikin bango. Fili ne a wurin, ba wani babba ba, amma zai ɗauki tabarma da dattijo ɗaya da yara biyu, ya juya ya fuskanci inda ya ga dama, ya miƙe ba sai an tashi an ba shi hanya ba. Na daɗe a tsaye. Abban Hanifa ya leƙo ya ce, "Sauko. Ko wannan muka ɗauka, banɗakin yana nan inda yake. Kar ki ɗora wa kanki." Ƙila gaskiyarsa. Ni dai na san mutumin da ya murza ƙasar gonar nan a hannunsa ya kusa cewa to, kuma da cikinsa da abinci da jikinsa da ruwa, ban san me zai ce ba. Wannan rashin sanin shi ke hana ni sukuni.

Mun raka Baba filin jirgi, ya dafa kan jikokinsa, bai waiwayo ba. Yanzu kullum ƙanen Abban Hanifa yana bugowa daga Ɗanbatta da albishir: Baba ya cinye tuwonsa tas, ya sha fura, har ya nemi ƙari. Jiya an ba shi wayar, muryarsa garau, yana dariya yana tambayar takwara ko ya koyi cin tuwo da hannu. Abban Hanifa ya miƙa wa yaron wayar ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Mu biyu mun san abin da likita ya ce, mun kuma san abin da ke tafiya a jikin nan yana cin tuwon tare da shi.

Asibiti sun bugo ranar Talata su tuna mana da ranar aikin da suka ware wa Baba. Na ce a ba wani gurbin. Hotunan ruwa kuma suna wayar Hanifa, mai so ta tambaye ta.